Tagar da Ba Ka Ƙarasa Ba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da nake yi maka da safe idan na kawo shayi. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma akwai maganar da ta tokare ni a ƙirji wata biyu ke nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna.

Baba, tagar nan mai gilashi kala-kala da kowa ke cewa aikinka ne na ƙarshe, ni na ƙarasa ta.

Ka tuna tajirin nan na garin Hasahisa da ya ce ka yi masa ita don saman ƙofar ɗakin baƙinsa? Ka gama katakon, ka liƙa gilasan rabinta, sai ciwo ya kwantar da kai. Lokacin tsinkar auduga ne, Inna tana hawasha, gonarmu ta auduga, tun safe, ni aka bari in riƙa duba ka. Idan barci ya ɗauke ka sai in sulale zuwa rumfar aikinka. Ka san can nake ɓuya da littattafan soyayyar nan na Masar da nake arowa wurin Sa'adiyya 'yar malamin makaranta. Kana yi mini tsiya wai na fi sanin 'yan Alƙahira da maƙwabtanmu. Ba ka san rabin idona yana kan hannunka ba. Na ga yadda kake jan layi a kan gilashi sau ɗaya tak, ka ƙwanƙwasa ta ƙasa, ya rabu salin alin.

Na yi nufin in ba ka mamaki ne ranar da ka tashi. Har na shirya yadda za ka kalle ni, da abin da za ka ce, kamar a littafi. Ba ka tashi ba.

Bayan sadakar arba'in Baffa Haruna ya ɗaga buhun da na rufe ta da shi. Ya yi ta hamdala, wai Allah ya ba ɗan'uwansa ikon kammala aikinsa kafin ya tafi. Inna ta fashe da kuka tana shafa katakon. Ina tsaye a bakin ƙofa, na bar su a kan aikinka ne. Ka san ni, ko ruwa zan roƙa a gaban manya sai muryata ta maƙale.

To ga abin da ke damuna. Ƙullin da kake liƙe gilashi da shi, na alli da man nan mai wari da kake sayowa a garin Makwar, ya ƙare a gwangwani. Sai na ɗebi man riɗin Inna na kwaɓa da shi. Na ɗauka mai dai mai ne. Naka ya bushe kamar dutse. Nawa har yau in na danna farce sai ya shige. Jiya da rana ta yi zafi na ga jan gilashin tsakiya ya ɗan zame, har haske na leƙowa ta samansa.

Kai ba ka taɓa yanka wa taga kuɗi tana jingine a ƙasa ba. Sai ka rataye ta a ƙofar zaure, ka ƙwanƙwasa kowace kusurwa da gaɓar yatsa kana saurare. In ta yi kwaram-kwaram, ka sauke ta. In ta yi shiru, ka jira hantsi ya ratsa ta, launukan su zubo a kan tabarma, sannan ka kira mai saye ya gani da idonsa kafin a yi ciniki. Baffa manomi ne, bai san wannan ba. Ƙirga gilasan ya yi ɗaya-ɗaya kamar mai sayar da ƙwai, ya ƙara wani abu a kai don hannun marigayi ne, ya ce kuɗinta jine goma sha biyu. Tajirin ko tayawa bai yi ba.

Inna ta riga ta raba kuɗin a zuci. Rufin ɗakinta na yoyo, damina ta kusa. Rabon da in ji tana waƙa wajen tuyar kisra, wainarmu ta dawa, tun kana da rai, sai makon nan.

Ranar Alhamis motar lori za ta zo ta ɗauke ta. Baba, hanyar nan ta bakin tur'a mai kai ruwa gonaki, da ramukanta, za ta kai Hasahisa kuwa? In ma ta kai, aka kafa ta a sama, an ce mutumin yana da jikoki ƙanana masu shige da fice ta ƙofar. Iska ta bugo ƙyaure sau ɗaya, me zai faru? Sai in rufe ido in ga jan gilashin yana saukowa. Kuma sunan wa za a kira? Naka. Za a ce Usta Ilyasu kafinta ya yi aikin ha'inci a ƙarshen rayuwarsa, kai da ba ka nan balle ka kare kanka.

In kuma na faɗa, tajirin zai sayi aikin yarinya? Zai ce a rage rabi, ko ya fasa gaba ɗaya? Inna za ta kalle ni yaya, bayan ta shafa tagar tana kiran sunanka? Na buɗe littafi yau don in huta, na karanta shafi ɗaya sau uku ban san me ke ciki ba.

Zan iya gyara ta. In aka sayo mini man Makwar, aka ba ni mako uku, zan kankare nawa duka in sake, in rataye ta a zaure in ƙwanƙwasa kamar yadda kake yi. Sannan a kira tajirin ya ga hantsi a cikinta, a gaya masa rabi naka ne rabi nawa, ya biya abin da ya ga ta kai.

Baki ba zai iya ba, na gwada sau biyu a gaban Baffa na ƙare da tambayarsa ko a ƙara masa sukari. Amma yana karanta ajami. Anjima bayan la'asar zai zo shan shayi. Zan ninke takardar nan in sa ta a kan faranti kusa da kofinsa, in tsaya a wurin har ya gama. Ba zan gudu ɗaki ba.

Ka yafe mini, taka ce amma shi zai karanta. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

'Yarka mai ɓuya a rumfa,
Rakiya