Yaya Iliya, Sandar Kurket Ɗinka Tana Nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, daga ƙaninka Sabi'u a Cadawa. Na rasa inda zan aika wannan takarda, shi ya sa na sa ta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani daga Jado ya san ka.

Shekara huɗu ke nan da ka tafi Jado haƙar zinariya. Muryarka ta ƙarshe daga Agadas ta zo, kana dariya, kana cewa direbanku ya fi ka surutu. Daga nan shiru.

Jiya na ɗauko sandar nan mai faɗi da ka zo da ita daga Legas, lokacin da kake gadin filin da Indiyawa ke wasan kurket. Gara ta fara taɓa mariƙin. Ka tuna ranar da ka sauka? Inna ta zaci tsarabarta ce, muciyar birni, kafin ka dawo daga masallaci har ta tuƙa tuwon gero da ita. Ba ka yi fushi ba. Ka lashe bakin sandar ka ce, “To, yanzu ta ci ta ƙoshi, sai aiki.”

Bayan lakol, makarantar boko, ka kai mu, ka kafa karan gero uku, ka naɗe ƙwallon goruba da roba. Mu mu jefa, kai ka tsare karan da sanda. In mai sanda ya doki ƙwallo ya gudu ya dawo, ya ci ɗaya. Wanda aka kayar masa da kara bai ci ko ɗaya ba, sai ya yi tafiyar agwagwa har bakin rijiya, mata na guɗa. Kai ka kawo dokar, kuma wallahi kai ka fi kowa yin tafiyar.

In ka kai duka ka kuskure, sai ka ce, “Iskar na nufa, ta daɗe tana kwantar min da gero.” In jifar mutum ta zo a sanyaye, ka jingina da sandar ka tambaye shi ko saƙo yake aika wa surukarsa. Akwai ranar da ka tsaya tun azahar har la'asar, tarewa kawai kake, ko taku ɗaya ba ka gudu ba. Da muka yi ta ihu, ka ce kai mai gadi ne, ba a ɗauke ka aikin gudu ba. Har Liman sai da ya zauna ƙasa don dariya.

Yaya, ba don wannan na rubuto ba, kewaye-kewaye nake.

Mahaifin matarka Hadiza ya kai magana gaban alƙali, yana so a raba aurenku. Ban ga laifinsa ba. Hadiza ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta gaji ba, amma ta rame, kuma shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce. An ce ranar Alhamis in je in rantse cewa ba mu da labarinka.

Inna kuwa ta kama rigata tana kuka, wai in ce ka kira ni da damina. A ganinta, ranar da na faɗi gaskiya a gaban mutane, ranar na binne ka. Ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba. Ba zan iya kallon idon Inna ba. Da kai ne, da ka sami maganar da za ta sa kowa dariya a tashi lafiya. Ni ba ni da wannan bakin, kuma tsoro nake ji.

Don Allah, in kana numfashi, ka ari wayar wani ka kira ni kafin Alhamis. Ko ba za ka yi magana ba, ta yi ƙara sau ɗaya ka kashe, ya ishe ni.

Allah Ya tsare ka inda kake, Ya juyo da ƙafarka gida. In kuma ka riga mu, Allah Ya haskaka makwancinka. Ban san wacce addu'ar ce taka ba, Yaya, don haka kowace salla duka biyun nake yi maka.

Naka har kullum,
Sabi'u