Atisayen Asuba Ya Sa An Tsare Madu

Zuwa ga mai girma Edita, da mai girma Hajiya Ammatullahi mai kula da wannan fili, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya. Don girman Allah a duba lamarina da gaggawa, domin ɗan mutane yana tsare a kansa. Da hannuna na rubuta, kasancewar bana na kammala ajin yaƙi da jahilci, don kada wani ya ƙara wa zancen gishiri.

Ni ne yayan Tahir, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk mai kallon ƙwallo a Maiduguri ya san shi. A unguwarmu Galtimari ya fara bugawa ba takalmi, ni na sayo masa na farko a Kasuwar Litinin. Ya tsare baya a kulob-kulob har Kano, sai ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Bai karaya ba, ya tafi Injamena ta ƙasar Chadi ya koyi aikin koci, yau shi ke horar da wani kulob a can.

Kafin a yanke layukan waya ya kira ni, ya ce in dubo masa samari masu ƙafa. Ni ya ɗora wa wannan nauyi, ba wani ba. Saboda haka kullum da zarar dokar hana fita ta ɗaga, sai in tara samari a filin bayan makaranta, usur a bakina, ina sa su gudu da tsalle. Na kuma shaida wa iyayensu cewa wanda ya yi ƙoƙari za a ƙetara iyaka da shi. Ban sanar da Bulama, wato mai unguwarmu, ba, domin a ganina yayan koci ba baƙo ba ne a unguwa.

Ranar Talata matasan sintiri suka zagaye mu da gorori da adduna. Abin takaici, ƙwallon ta fashe tun Lahadi, tana wurin mai faci. Abin da suka tarar shi ne samari a jere, ba ƙwallo, wani yana ba su umarni. Kowa ya watse sai Madu, ya tsaya domin shi ne kyaftin. Shi suka tafi da shi.

Bulama ya tsaya mini, amma ya ce bakinsa ba zai kai ga Madu ba sai an tabbatar da zancen kocin, in ba haka ba ranar Juma'a ta sama za a miƙa shi gaba. Hajiya, kin san ma'anar gaba a wannan zamani. Mahaifiyar Madu, Ya Kaltum, tana zuwa ta zauna a ƙofar gidana kowace safiya.

Shin in aika direba ya taho da Tahir ta hanyar Gamboru, alhali ana tsakiyar gasa, hanyar kuma kin san halinta?

An yi wannan abu a gaban Malam Sa'id ladan, da Malam Pindar malamin wasanni, da Gambo mai shayi.

Yayan Koci, Galtimari

Malam Yayan Koci,

Na gabatar da wasiƙarka a kan sauran saboda Juma'a ba ta da nisa. Niyyarka kyakkyawa ce, samarin nan suna buƙatar mafita. Amma matasan sintirin ma sun binne 'yan'uwansu, kuma da irin wannan taron asuba da alkawarin ƙetara iyaka aka raba iyaye da yawa da 'ya'yansu. Bulama kuwa ka tsallake shi, duk da haka ya rufa maka asiri.

Kada ka kira Tahir. Zai iya rasa aikinsa, ko ransa a hanya, in kuma ya iso lafiya, wanda ya shigo daga ƙetare shi ma tambayoyi ne ke jiran sa.

Shaidun nan uku, ba a jarida ake buƙatar su ba. Yau ɗin nan ka ɗebe su ku tafi wurin Bulama, ka fara da ba shi haƙuri. Ka riƙe tsofaffin hotunan Tahir cikin rigar wasa, ka karɓo ƙwallon daga wurin mai faci, shi ma ya biyo ku. Sannan ka roƙi Bulama ya haɗa ka da mutuminsa ku je jihar da waya ke aiki, ya ji muryar Tahir da shugabannin kulob ɗinsa da kunnensa.

Ya Kaltum kuma, kada ka bari ta sake zuwa ƙofarka. Kai za ka je tata, ka gaya mata inda aka kwana. Usur da sarautar yayan koci ka bar su a gida, ka tafi a matsayin maƙwabcin da aka ba amanar ɗa.

Allah ya kuɓutar da Madu, ya sa ya yi sallar Juma'a a unguwarsu.

Hajiya Ammatullahi