Kada Ki Kyautar da Safar

Gajeriyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki? Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau. Wankin zannuwan asibitin nan ya ɗan tsattsaga min hannu, amma ba abin da mai ba zai gyara ba.

Wata likita a nan ta ji labarin ɓarin da kike ta yi, ta ce ni ma a gwada ni. Na yi dariya, na ce ai ba ni ke ɗaukar cikin ba. Ashe matsalar a ƙwayoyin halittata take, da ita aka haife ni. Ta ce ba laifin kowa ba ne, kuma wani cikin zai iya zama.

Ki zubar da jiƙe-jiƙen nan masu ɗaci. Inna kuma ni zan gaya mata da bakina.

Abin da ya tsaya min a rai, duk ranar da muka dawo daga asibiti hannu rabbana, ke ce mai ba ni haƙuri, ni kuwa in ce ba komai.

Ƙananan safar da kika saƙa, kada ki kyautar. Allah ya kawo mai sa su.

Dogon naki