Allurar Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Mama, ƙafar ta yi sauƙi? Ina 'yata Ƙarama, tana tafiya makaranta ba rigima?

Yau kwanana goma sha biyu a gidan nan da kika kawo ni kika ajiye, kuma sai yau hannuna ya daina rawa har na iya riƙe biro. Ranar da kika juya kika tafi, ma'aikatan gidan sun zazzage jakata a kan tebur. Sun karɓe waya, da madubi, da almakashin farce, har da turarena, wai akwai masu shan sa idan abin ya ciwo su. Ɗakinmu gado huɗu ne, taga ɗaya mai ƙarafa, sai fanka mai kuka kamar tsohon keken ɗinki.

Ba zan ɓoye miki ba, kwanaki biyar na farko na roƙi Allah ya ɗauki raina. Kamar ana bin ƙasusuwana da guduma ɗaya bayan ɗaya. Ga zufa, ga rawar sanyi, ga majina da hawaye suna zuba ba tare da ina kuka ba. Cikina ya ɓaci har na ɓata shimfiɗa. Shekara goma sha huɗu ina aikin jinya ina canza wa mutane zanin gado, sai ga shi ana canza mini ina kallon bango.

Yarinyar da ke raba mana magani da safe ba ta fi shekara biyu da fara aiki ba. Sai ta tsaya a kaina ta ce, “Buɗe baki, ɗaga harshe.” Da a asibitinmu ne, irinta nake koya wa neman jijiya.

Yaya, ni ba irin mutanen nan ba ce. Kin san yadda abin ya faro: bayana ya riƙe ranar da muka ɗaga wani majinyaci, likita ya rubuta mini allurar kashe zafi, shi ke nan. Wanda ya sha magani don ciwo ai ba ɗan ƙwaya ba ne. Don Allah ki yi magana da Likitan nan ya sallame ni, sauran zan ƙarasa a gida. Kada ki bari Mama ta san irin gidan da nake. Ki bar ta a kan cewa gashin baya ake mini.

Ki shafa mini kan Ƙarama. A gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyar Mama da ta yara. Na gode da zuwan da kika yi ranar ziyara, na gode da sabulu da silifas. Zanen da Ƙarama ta aiko na liƙa shi a gefen gadona da ɗan ragowar filasta.

Ki yi haƙuri da wasiƙata ta farko. Yanzu satina shida, na daina roƙon a fitar da ni. Ba don na so wurin ba, sai don na ga abin da na yi ranar Talata. Sun manta ƙofar ɗakin magani a buɗe, na zo wucewa da bokitin wanki, ban san lokacin da na ajiye shi na shiga ba. Ko allura ba sa ajiyewa a wurin, na kuma sani. Amma sai da aka zo aka same ni ina jan aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya. Babbar Sista ba ta yi faɗa ba, ta dai kama hannuna ta mayar da ni wurin bokitina.

Kullum ƙarfe goma muke jera kujerun roba mu yi da'ira, kowa ya faɗi abin da ya kawo shi. Wadda ke jagorantar zaman muna ce mata Malama. Ba ta ɗaga murya, amma idan ta zuba miki ido sai kin ji kamar ba kaya a jikinki. A zaman nan na ji abubuwan da ko a asibiti ban taɓa ji ba.

Maƙwabciyar gadona wata mata ce da kowa ke kira Mai Kitso. Ta girme ki. Giya ce tata matsalar, kuma wannan ne zuwanta na uku. Ta ce nan gaba kaɗan za su rubuta sunanta a jikin gadon su huta. Ita ke sa mu dariya a ɗakin nan. Ta yi mini kitso da tsinken tsintsiya tunda an hana mu duk abu mai tsini, tana yi tana cewa, “'Yar boko, kanki kamar gonar da aka yi watsi da ita.” Yatsunta na karkarwa amma layin bai karkace ba. 'Ya'yanta biyu ba sa zuwa ganinta. Ranar ziyara sai ta ci ado ta zauna kusa da ƙofa, wai iska take sha.

Malama ta ce kowa ya rubuta mutanen da ya cutar. Na rubuta ke, da Ƙarama, da matar da aka yi wa tiyata na ba ta rabin allurarta na ɓoye rabi, wadda a kanta asirina ya tonu aka dakatar da ni. Malama ta karanta ta miƙo mini takardar, ta ce, “Su ke nan?” Na ce su ke nan.

Yaya, akwai maganar da kika yi da kika zo wadda ta tsaya mini a rai. Kin ce rasuwar Baba ce ta jefa ni cikin wannan halin, wai ni na yi jinyarsa wata huɗu ni kaɗai, dole zuciyata ta karye. Kin ce duk gidanmu ba wanda ya biya shi kamar ni. Don Allah ki daina faɗin haka.

Ki gai da maigidan, ki ce na gode da ɗawainiya.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina fatan wasiƙar nan ta same ku lafiya, ke da Mama da yara. Ki karanta ta ke kaɗai.

Mai Kitso ta rasu. An sallame ta sati biyu da suka wuce, muka raka ta har bakin ƙofa tana tsokanar maigadi, tana cewa ya ajiye mata kujerarta. Kwana tara ta yi a waje. Ƙaninta ya zo jiya ɗaukar wata jakarta da ta bari, shi ya faɗa wa Babbar Sista cewa aman jini ta yi a shagonta, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. An riga an kawo wata a gadonta. Kitson da ta yi mini na ƙarshe har yanzu yana kaina, na kasa tsefe shi.

Kafin ta tafi ta taɓa ce mini duk abin da ta faɗa a da'ira gaskiya ne, amma ba shi ne ke sa ta sha ba. Wancan ɗin, in ji ta, da shi za a binne ta. Tun jiya nake juya maganar. Ni ba na son a binne ni da nawa.

Ba rasuwar Baba ce ta jawo mini wannan ba. Shekara biyu kafin ya kwanta na riga na yi nisa. Lokacin da likitoci suka ce ciwon dajin ya kai ƙashi, a mayar da shi gida a riƙa rage masa zafi, kin tuna yadda na yi saurin cewa ni zan koma gida in kula da shi? Kuka sa mini albarka. Wallahi ina son Baba, kuma da niyyar jinya na je. Amma na san abin da za a rubuta masa, na kuma san a hannuna za a ba da shi.

Watan farko na yi masa allurarsa cif. A na biyu na fara rabawa, rabi nasa rabi nawa, ina ce wa kaina jikinsa ya tsufa, rabin ma ya ishe shi. Sati uku na ƙarshe, Yaya, ruwan haɗa allura zalla, wanda ba magani a cikinsa, nake zuƙa a sirinji in yi masa. Nasa kuma in shiga banɗaki da shi.

Kin tuna ranar da kika zo da rana kika same shi yana nishi yana kiran sunan mahaifiyarsa, kika fita tsakar gida kina kuka? Kika tambaye ni ko ba za a ƙara masa magani ba, na ce an kai iyakar abin da jiki zai ɗauka. Ƙarya na yi miki. Ba komai a jikinsa ranar. Mama tana zaune a gefensa tana masa fifita, tana cewa sannu, Auta ta yi maka allura, yanzu zai lafa.

Ban rubuto don ki yafe mini ba. Yau da safe na faɗi wannan a da'ira, wata yarinya ta tashi ta fita. Na ga bai kamata baƙi su sani ke ba ki sani ba.

Ki yi duk abin da kika ga ya dace.

Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da ba kya son gaisuwar tawa. Ina fatan kin koma gida lafiya. Yaya Mama, yaya yara?

Sati uku na yi ina jiran amsarki, duk ranar ziyara ina tsaye a taga. Sai jiya na hango ki kina sa hannu a littafin maigadi. Kin rame. Ba ki zauna ba, ban kuma yi tsammanin za ki zauna ba. Abin da kika faɗa na ji, kuma na yarda: Ƙarama za ta ci gaba da zama a wurinki, ni kuma ba gidanki zan sauka ba idan na fito. Na yi magana da Likita, zan ƙara wata uku a nan. Ya ce ko bayan haka ba zai yi mini alkawarin komai ba, na ce na sani, na ga yadda ake fita a dawo, na ga yadda ake fita ba a dawo ba. Takardar da hukumar aikinmu ta aiko na sa hannu, ba zan nemi a mayar mini da lasisina ba. Bai kamata a sake ba ni makullin kabad ɗin magani ba.

Maganar Mama kuma, kin ce ba da bakinki za ta ji ba. Gaskiyarki. Idan na fito zan je da ƙafata in durƙusa in faɗa mata, sai dai idan ke kika ga zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Tambaya ɗaya kika yi mini kafin ki juya: “Baba ya sani?” Na sunkuyar da kai har kika gaji kika tafi. Ga amsar.

Ya sani. Kwana shida kafin ya rasu, da la'asar, Mama ta shiga kicin, na ɗauka barci yake. Na zauna a bakin gado na fasa kwalbar ruwan na zuƙa a gabansa, don na gaji da ɓoyewa a bayan ƙofa. Da na ɗago sai na ga idonsa biyu. Ya daɗe yana kallon sirinjin. Sai ya miƙo hannu, na ɗauka allurar yake nema, ashe hannun rigata ya kama. Ya ture shi sama a hankali, ya ga tabon da ke jikin jijiyoyina. Ya sa babban yatsa ya shafa su. Sannan ya ja hannun rigar ya rufe, ya ce, “Auta, kada ki bari yayarki ta gani.”

Na ce Baba bari in ɗauko ta gaskiyar, akwai saura. Ya girgiza kai, ya juya fuskarsa bango. Daga ranar bai sake neman allura ba. Idan zafin ya taso sai ya cusa gefen matashi a baki don kada Mama ta kira ni. Kuka riƙa cewa ya samu sauƙi, har kika yi wa dangi waya kina murna.

Akwai kwalba huɗu da suka rage ranar. Na ƙarar da su duka a jikina kafin ya cika.

Iyakar abin da na sani ke nan, ban rage komai ba. Idan ba ki sake rubuto mini ba, ba zan ga laifinki ba. Ƙarama ba ta son a kashe fitila kafin ta yi barci, ba za ta faɗa miki ba don kunya. Ki bar mata ita a kunne.

Allah ya jiƙan Baba. Allah ya ba ki haƙuri.

Ƙanwarki,
Auta