Ƙafata Tana Shurin Surukina

Inna Fatouma, ki taimake ni, ƙafata ta dama za ta kashe mini aure.

Ni mai fitar da kaya ne a tashar jirgin ruwa, a Zongo aka haife ni. Surukina, Alhaji Yacouba, mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya ba da labari sai yana bugun gwiwar wanda ke kusa da shi. Tun da na faɗo daga zemijan, babur ɗin haya, a hanyar Agoè bara, bayana ya bugu, ƙafar nan ta daina jin magana. Da Alhaji ya taɓa gwiwar sai ƙafar ta yi sama. Ta kifar da butar shayinsa. Ta cilla takalminsa kan rufin kwano. Ranar Juma'a, gaban baƙinsa daga Yamai, ta same shi a ƙwauri. Wallahi kuka ne kawai ban yi ba! Na ɗaure ta da rawani a jikin benci, ta ɗaga bencin. Matata Ramatou ta ce na raina ubanta, ta koma gida yau kwana tara. Ina son matata, Inna. In yanke ƙafar ne?

Mai Ƙafar Fitina, Zongo

Ɗana, ajiye wuƙar.

Ba raini ba ne. In aka bugi ƙasan gwiwa, saƙon yakan je laka, cikin ƙashin baya, ya dawo nan take, ƙwaƙwalwa ba ta ma san an yi ba. A cikin lakar akwai jijiyoyi masu aikin birki, kuma da saƙon da ke zuwa daga fata da tsoka da ƙwaƙwalwa suke daidaita riƙonsu. In baya ya bugu, birkin kan saki. Saboda haka ka ga likitan jijiyoyi cikin makon nan, wannan ba abin wasa ba ne.

Amma Alhaji ma yana da gaskiya. Dattijon da aka shura gaban baƙinsa ba ruwansa da laka, kunya ya sha. Kai kuma shekara guda kana ɗaure ƙafa da rawani, ba ka buɗe baki ka gaya wa Ramatou bayanka na ciwo ba. Nan ne laifinka.

Yau ɗin nan ka je gidansu. Ka zauna a tabarma, nesa da hannunsa, ka ba shi haƙuri, ka roƙi Ramatou ta raka ka asibiti ta gani da idonta. Allah ya ba ka lafiya, ya mayar maka da matarka ɗakinta.