Haƙorin Makka a Bakin Wanda Bai Je Ba

Zuwa ga Yaya Bello, a ƙasar Sudan.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina lafiyarka, ina iyali, ina wahalar hanya? Mu nan Ƙofar Kware lafiya lau.

Bayan haka, ka san giɓin da jaki ya yi mini. Da aiki ya kai ni Kano, wani Kwara, Balarabe mai gyaran haƙori, ya ce in zaɓa, ko fari mai cirewa, ko na zinariya irin na alhazai. Na zaɓi zinariya. Abokai suka soma ce mini Alhaji cikin wasa, ni kuwa ban hana ba.

Ranar Juma'a wani tsoho baƙo ya ji su. Ya kama hannuna yana hawaye, ya ce, "Roƙa muna, kai da kag ga Ɗakin Allah." Yaya, na ɗaga hannu na yi addu'ar. Kai kuwa shekara shida kana tsinkar auduga don tara guzurin Hajji, ba ka ko haye teku ba.

Washegari na sa maƙeri ya cire haƙorin.

A gaida mutanen gida, a sa mu cikin addu'a. In Allah ya kai ka, ka yi wa tsohon nan roƙon da ya nema. Ko sunansa ban iya tambaya ba.

Ƙanenka,
Umaru