Layukan da Na Tsallake

Litinin, 3 ga Maris

Maigida ya dawo da hoton wata takarda a wayarsa. An liƙa ta a ƙofar masana'antar katifar da yake aiki, Turanci zalla. Shi kuwa Turancinsa bai wuce gaisuwa da lambar zare ba. Wai tunda na gama sakandare, kuma kullum hancina na cikin littafi, yau ranar amfanina ta zo. Na ce nawa littattafan na Hausa ne, na soyayya ma. Ya ce karatu ai karatu ne, Malama.

Kalmar farko ta kayar da ni: recession. Na ce ya ba ni kwana biyu.

Laraba, 5 ga Maris

Na tono ƙamus ɗina daga ƙasan akwati. Recession: tattalin arziki ya ja da baya, saye ya ragu, masana'antu su rage aiki. Inflation: hauhawar farashi. Wannan na san shi tun kafin in san sunansa. Demand: yawan masu neman kaya.

Ba sa zama a kaina sai na yi musu fuska. Inflation kawun nan ne mai cinye gadon marayu, kullum ƙara tumbi yake. Demand budurwa ce da ta yi fushi ta daina amsa waya. Recession kuwa doguwar jinyar tsakiyar littafi ce, wadda na saba tsallakewa in je inda aka warke.

Alhamis, 6 ga Maris

Na fassara masa. Kwanakin aiki sun koma huɗu, kamfani na godiya da haƙurin ma'aikata. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ci abinci har da ƙari.

Akwai layi uku a ƙasa. Layoff, wato sallamar ma'aikata. Sashen ɗinki, ƙarshen wata, in kasuwa ba ta farfaɗo ba. Sashensa ke nan. Ban karanta masa ba. Wata guda fa, komai na iya faruwa. A duk labarin da na sani, ana saura shafi biyar wani ke tsayawa da mota a ƙofar gida.

Asabar, 8 ga Maris

Wanki, guga. Babi biyu kawai na iya karantawa, ban ma san me suka ce ba.

Talata, 11 ga Maris

Yayan maigida ya zo, mai shagon kujeru. Yana neman mai ɗinka rigar kushin, ya ce da ya ɗauki bare gara ɗan'uwa, amma zuwa Juma'a yake son amsa don akwai mai jira. Yana fita maigida ya kama dariya. Wai ya bar kamfani mai katin shaida ya koma Yaya yana aikensa sayo ƙusa?

"Ba ke kika karanta ba? Kwana ɗaya kawai suka rage."

Na ce haka ne. Na tashi na shige kicin.

Laraba, 12 ga Maris

Na kunna shirin kasuwanci na Turanci a rediyo ina shara. Na gane kalmomina suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, har na ji daɗi, sai na lura mutumin bai faɗi ranar da jinyar za ta ƙare ba.

Ashe maigida ya gaya wa abokan aikinsa abin da na ce. Su tara ne a sashen. Wai duk sun ce a gaida Malama.

Alhamis, 13 ga Maris

Da yamma, kafin ya cire takalmi, na karɓi wayar na karanta masa layukan nan uku. Ya daɗe yana kallon rubutun kamar zai iya karantawa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da na fassara maka."

Na ce ban so ransa ya ɓaci ba ne. Ya ce, "Amarya, ni ba mutumin cikin littafinki ba ne. In rami ne a gabana, ki ce mini rami."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya sa na maimaita kalmar layoff har ta zauna a bakinsa, ya rubuta ta da biro a tafin hannu don ya nuna wa sauran, sannan ya fita wajen Yaya.

Juma'a, 14 ga Maris

Ya karɓi aikin. Yau da sunana ya kira ni, ba Malama ba, ba Amarya ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

An sallami sashen ɗinki shekaranjiya, duka. Maigida ya fara wajen Yaya, ya dawo da auduga a gashinsa yana mita, amma ya ci abinci.

Da hantsi matar wani abokin aikinsa ta zo, goye da jaririya, da takardar sallamar mijinta. Wai a gidan nan aka ce ana karantawa. Na so in ce ban iya ba, don gaskiya ba wani iyawa na yi ba. Na shimfiɗa mata tabarma, na ɗauko ƙamus, muka bi layi-layi. Har inda babu daɗi na faɗa mata. Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙe tana gyara goyo, ta ce shi ke nan ko?

Na juya takardar. Akwai rubutu a baya.

Na ce, "Zauna tukuna, 'yar'uwa, da saura."